Bahaushe Ya Iya Tafiya, Saura Rubuta Ta

A watan Yunin 1325 wani saurayi ɗan shekara 21 ya bar garin Tanja na ƙasar Maroko da niyyar sauke farali. Bai bi ayari ba, ba shi kuma da abokin tafiya. Ya yi sallama da iyayensa ya kama hanya. Kafin ya kai Tunis zazzaɓi ya rufe shi, har sai da ya warware rawaninsa ya ɗaure jikinsa da sirdi don kada ya faɗo. Da suka isa bakin gari tare da waɗanda ya haɗu da su a hanya, kowa ya sami masu taryarsa, shi kuwa ko mai yi masa sannu da zuwa bai samu ba. Nan take hawaye suka ɓalle masa. Wannan saurayi shi ne Ibn Baɗuɗa, wanda bai ajiye sandar tafiya ba sai bayan kusan shekara 29. Ya yi alƙalanci a Delhi, ya zauna a tsibiran Maldib, ya ga daular Mali, a 1353 kuma ya ratsa Takadda da ke cikin Nijar ta yau, inda ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar garin.

Sai dai akwai giɓi a labarinsa. Shi da bakinsa ya ce ya kwafi rubuce-rubucen da ke kan kaburburan malaman Bukhara, amma takardun suka salwanta ranar da 'yan fashin teku suka yi masa ƙarƙaf a gaɓar Indiya. Da Sarkin Maroko Abu Inan ya sa marubuci Ibn Juzayyi ya zauna da shi ya rubuta tafiyar, aikin da aka kammala a 1355, abin da ya rage a ƙwaƙwalwa aka fi dogara da shi. Shekaru suka cakuɗe, garuruwa suka shiga juna. Masana sun gano cewa shafuka da dama da ke bayanin Dimashƙa da Makka da Madina an ɗebo su ne daga littafin Ibn Jubairu, wani magatakarda daga Andalus da ya yi tafiyar shekara biyu da 'yan watanni kacal, daga 1183 zuwa 1185. Abin da ya fifita Ibn Jubairu shi ne yana rubutawa tun yana kan hanya, wata bayan wata, da kwanan wata da sunan zango, har da daren da jirginsu ya tarwatse a gaɓar Sisili. Wanda ya yi shekara 29 yana yawo ya koma aro a wurin wanda ya yi biyu yana rubutu.

Abubuwa biyu ke cikin wannan labari, kuma dukansu sun shafi matashin ƙasar Hausa na yau. Fita kai kaɗai zuwa inda ba wanda ya san sunan ubanka tana gina mutum ta hanyar da zaman gida ba zai iya ba. Amma ginin ba ya tsayawa daram sai an bi shi da alƙalami. A fannin farko ba a bar Bahaushe a baya ba. A na biyun ne aka yi masa nisa.

Ba sai an koya wa Bahaushe tafiya ba. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna kora jakuna daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, madugu a gaba, jagaba da uban dawaki kowa da aikinsa. Zangon Kumasi da Sabon Zango na Ankara da unguwar Birikitari ta Yawunde duk sawun wannan tafiya ne. Mahajjata sun taka da ƙafa ta Fort Lami da Abeshe da Alfashir zuwa Sawakin, suna tsayawa su yi ƙodago a gonakin auduga na Jazira su tara guzuri, wasu shekara biyar, wasu goma, wasu ma Sudan ɗin ta zame musu gida. Garin Mai Wurno da ke bakin Kogin Nilu mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Dubban ɗaruruwan mutane ke nan, kowannensu da abin da idonsa ya gani. A nemi abin da suka bari a rubuce game da tafiyar kanta, sai a tarar bai taka kara ya karya ba. Malamai sun rubuta fiƙihu da waƙoƙin wa'azi da tarihin sarakuna, kuma sun kyauta. Amma abin da farke ya ji a ransa ranar da ya fara ganin teku, ko yadda mahajjaciya ta yi da jinjiri a rairayin Darfur, galibi ya bi masu shi kabari.

Kaɗan ɗin da ya tsira, yawancinsa baƙi ne suka ɗauke shi daga bakin masu shi. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta aka kai Kukawa, Bajamushe Adolf Overweg ne ya fanshe shi. Ya bi abokin tafiyar Overweg, Heinrich Barth, har Tambutu, a 1855 kuma ya sauka Landan yana ɗan shekara goma sha wani abu. Ya ba da labarinsa da Hausa ga wani ɗan mishan, J. F. Schön, wanda ya buga shi cikin littafin Magana Hausa a 1885. A ciki yaron ƙauye ne ke kallon Turawa da idon basira, yadda suke zaman cin abinci da irin tufafin matansu, yana auna su da ma'aunin gidansu. Haka Madugu Mai Gashin Baki, wanda Eduard Flegel ya kai Balin a 1884, shi ma wani ne ya riƙe masa alƙalami. Ba don waɗannan baƙi sun ga amfanin abin ba, da ko sunayensu ba a sani ba.

Shi kansa Barth abin lura ne. Abokan tafiyarsa biyu sun mutu a hanya, James Richardson a 1851, Overweg a 1852, ya ci gaba ba wani ɗan ƙasarsu a kusa da shi, yana amsa sunan Abdulkarim, yana jin Larabci da Hausa da Barbarci. Duk inda ya yada zango sai ya ciro littafinsa. Ya hau Dala a 1851 ya zana Kano, ya ƙiyasta mazaunanta 30,000, ya rubuta farashin kaya da wuri, ya bi diddigin yadda turkuɗin Kano ke isa Tambutu da Murzuk da Tarabulus. A Gwandu aka ba shi aron littafin tarihin Songhai na Abdurrahman Sa'adi, ya zauna ya kwafi abin da ya iya. Mujalladi biyar ya fitar a 1857 da 1858. Yau ɗalibin tarihi a Jami'ar Bayero da ke son sanin yadda kasuwar Kurmi take a zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, wurin wannan baƙo yake komawa. Kanawa dubbai sun shiga kasuwar a ranar da ya shiga, sun kuma fi shi saninta nesa ba kusa ba. Shi ne dai ya rubuta.

An sami waɗanda suka nuna hanya. Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858 da ya ƙare rayuwarsa a Kete Karachi ta ƙasar Gana a 1934, ya bar rubuce-rubuce da ajami kan garuruwa da sana'o'i da al'adun ƙasar da ya baro. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama kan abin da ya gani a Turai. Duk wanda ya san rayuwar mutanen nan biyu ya san ba su dawo yadda suka tafi ba: Imam ya dawo da ƙarfin halin gaya wa Turawan mulki matsalolin Arewa ƙeƙe-da-ƙeƙe, Malam Aminu kuwa ya dawo da tambayoyin da suka zama siyasar NEPU. Abin takaici shi ne, bayan fiye da shekara 70, da wuya mai sayar da littattafai a Sabon Gari ko Kasuwar Rimi ya iya jera sababbin littattafan tafiya na Hausa su cika hannu ɗaya, alhali littattafan soyayya sun cika kanti.

To me ya sa sai mutum shi kaɗai? Domin ɗan Bahaushe kusan bai taɓa zama shi kaɗai ba. Ya tashi a gidan yawa, ya ci a kwano ɗaya da 'yan'uwa, ya girma a majalisar ƙofar gida. Wannan ni'ima ce, kuma al'ummomin da suka rasa ta suna kuka. Amma tana ɓoye wa mutum wani abu game da kansa. Bai san ko yana tashi sallar asuba don Allah ba ne ko don mahaifinsa na ƙwanƙwasa ƙofa. Bai san ko gaskiyarsa a ciniki tasa ce ko tsoron idon unguwa ce. In an yi tafiya a ƙungiya, akwai wanda zai yi magana da 'yan kamasho, akwai mai riƙe kuɗi, akwai mai tambayar hanya, sauran kuwa bi kawai suke. Ranar da ya sauka a tashar Anaca ko Kwatano shi kaɗai, da jaka a kafaɗa, ba mai jin yarensa a kusa, ranar ce zai fara sanin ko ya iya karanta fuskar mutum, ko ya iya cewa a'a, ko ya iya haƙuri da yunwa don kuɗin mota ya isa. Kuma zai karɓi alheri daga hannun mutanen da aka raine shi da zarginsu, wanda wannan kaɗai ya isa ya sauya masa tunani.

Tarihin Malcolm X ya nuna haka ƙarara. A watan Afrilun 1964, wata guda bayan ya fice daga ƙungiyar Nation of Islam, ya bar Amurka shi kaɗai zuwa Hajji, da kuɗin da 'yar'uwarsa Ella ta ba shi. A gida shi ne mai maganar da dubbai ke yi wa shiru. A Jidda aka riƙe fasfonsa, aka ajiye shi a masaukin alhazai har kotu ta tabbatar da musuluncinsa. Ba ya jin Larabci, zaman tahiya ma gagarar sa yake, sai kallon na kusa da shi yake yana kwaikwayo. Mutumin da ya yi shekara 12 yana wa'azin cewa farar fata shaiɗan ne ya sami kansa yana ci a akushi ɗaya da musulmi farare, suna kwana a tabarma ɗaya. Da almajiransa na biye da shi, da wuya ya yarda a gabansu cewa abin da ya koya musu ya rushe. Kaɗaicin ne ya ba shi sararin sauya ra'ayi. Kuma duk tsawon tafiyar, har zuwa Ibadan da Ankara da ya biya ta cikinsu, da tafiya ta biyu da ya yi daga Yuli zuwa Nuwamba, yana rubuta abin da ya wakana kullum a ƙananan littattafai. An kashe shi a watan Fabrairun 1965. Littattafan suna ajiye a cibiyar Schomburg da ke New York, an kuma buga su a 2013, ta yadda mai karatu zai bi sauyin mutumin rana bayan rana.

Tun kafin shi da fiye da ƙarni takwas da rabi, Imamu Gazali ya ajiye kujerar koyarwa mafi daraja a Bagadaza a 1095, da ɗalibai kusan 300 a gabansa, ya tanadar wa iyalinsa abin da zai ishe su, ya nufi Sham. Ya yi ta kulle kansa a hasumiyar masallacin Dimashƙa, ya wuce Ƙudus, ya yi Hajji. A shekarun nan ne aka sami Ihya'u Ulumiddin da ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato har gobe, daga baya kuma ya rubuta yadda shakka da neman yaƙini suka yi da shi.

Rubutun ma akwai abin da yake yi wa mai shi, ko da ba wanda zai karanta. A 1986 masanin halayyar ɗan'adam James Pennebaker da abokiyar aikinsa Sandra Beall suka sa ɗalibai a wata jami'a ta jihar Texas su yi rubutu na minti 15 kwana huɗu a jere. Waɗanda suka rubuta abin da ya dame su tare da yadda suka ji a rai sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya. Bincike da yawa da aka yi daga baya sun nuna amfanin yana nan, ko da yake ba mai yawa ba ne kuma ba kowa ke samunsa daidai ba. Abin da Pennebaker ya ƙara lura da shi shi ne, waɗanda suka fi amfana su ne masu ƙoƙarin gano dalili, masu mai da abin da ya faru labari mai kai da gindi. Matafiyi kuwa kullum cikin abin da bai gane ba yake kwana. In ya zauna da daddare ya rubuta me ya sa maganar kwandasta ta ɓata masa rai, ko me ya sa ya ji kunyar faɗin garinsu, a nan ne tafiyar ke zama ilimi.

Za a ce ai ga waya, hoto ya wadatar. Linda Henkel ta Jami'ar Fairfield ta zagaya da ɗalibai gidan adana kayan tarihi, wasu abubuwan su ɗauki hotonsu, wasu su kalla kawai. Washegari abin da suka ɗauka a hoto ne suka fi mantawa. Ban da haka, abin da ake ɗorawa a Facebook ko TikTok don idon mutane ake shirya shi, shi ya sa kowa a can cikin walwala yake. Ba mai ɗora ranar da ya ɓata a Legas ya rasa wanda zai tambaya, ko daren da kewar mahaifiyarsa ta hana shi barci. Waɗannan kuwa su ne ainihin tsarabar da mutum ke kawo wa kansa.

Akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Na farko addini: hadisai sun yi gargaɗi kan tafiyar mutum shi kaɗai, musamman da dare. Malamai da dama sun danganta gargaɗin da halin da mutum zai shiga daji ko sahara ba mai taimakonsa in ya faɗi. Fasinjan da ke cikin mota da mutum 18 ba ya cikin wannan hali, ko da bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Alƙur'ani kuma a wurare da yawa ya yi kira da a yi tafiya a bayan ƙasa a lura. Na biyu tsaro, wanda ya fi nauyi. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022, da watannin da fasinjoji suka yi a daji, bai bar zukata ba, kuma akwai hanyoyin Zamfara da Birnin Gwari da ko ayari shakkarsu yake. Ba mai hankalin da zai ce wa yaro ya jefa kansa. Haka nan hanyar sahara zuwa Libiya ko Aljeriya, inda a watan Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, yawancinsu mata da yara da ƙishirwa ta kashe, ba ta cikin abin da ake yabo a nan. Tafiyar da ake nufi ita ce wadda aka yi shawara da iyaye, aka tambayi direbobi halin hanya, aka fita da safe aka sauka kafin magariba, gida kuma sun san masauki. Ba sai an yi nisa ba. Bazazzagin da bai taɓa ganin rijiyar Kusugu ba, ko Bakanon da bai san birnin Damagaram ba alhali tafiyar yini ɗaya ce, yana da inda zai fara da kuɗin da bai kai na sabuwar waya ba.

Batun mata ya fi sarƙaƙiya, domin gidaje da yawa na riƙe da sharaɗin muharrami, kuma ba a nan za a warware wannan ba. Amma mata suna tafiya tuni: ɗalibai a Alƙahira da Indiya, 'yan kasuwar Dubai, ma'aikatan jinya da aka tura ƙauye, amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba. Littafin rubutu bai buƙatar biza. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta a 1949 da 1950, ya zama madogarar masana a duniya kan rayuwar matan Hausa, alhali tsohuwa ce da ba ta shiga aji ba.

A gaskiya ma masu tafiya su kaɗai sun cika ƙasar, ba a dai kiran su da sunan. Tun 1973 shirin bautar ƙasa ke jefa matasa jihohin da ba su taɓa takawa ba, ko da yake yanzu da yawa tun daga sansani suke neman a mai da su gida, su yi asarar shekarar da za ta fi koya musu Nijeriya. 'Yan cirani na sauka Fatakwal da Legas duk bayan girbi. Ɗaliban da yaƙin Sudan ya rutsa da su a watan Afrilun 2023, suka kwana da kwanaki a kan iyakar Masar suna jiran a buɗe musu, suna ɗauke da labarin da nan da shekara 50 za a neme shi ido rufe. Abin da ake roƙon kowannensu bai wuce littafin aljihu da biro da minti goma kafin barci ba, da boko ko da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya naɗi muryarsa a waya. A sa kwanan wata da sunan gari, kuɗin mota da na abinci, sunan wanda ya yi alheri, abin da aka ji tsoro, da zaton da aka zo da shi game da mutanen wurin, don a dawo bayan wata uku a ga ko yana nan.

Sauran aikin na masu hali ne. Gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa in an kira mata su rubuta labari, ɗaruruwa za su amsa. Jaridun Hausa na iya ware shafi guda a mako don labarin tafiya na gaskiya, sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai su sa shi cikin aikin ɗalibai, Gidan Arewa na Kaduna kuma ya buɗe ma'ajiyar da iyalai za su kai littattafan tafiyar iyayensu. Akwai kuma aikin da ba ya jira: tsofaffin da suka taka zuwa Makka suna yara a bayan iyayensu, kafin jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai, har yanzu akwai ragowarsu a Fagge da Maiduguri da Mai Wurno, galibinsu sun haura 80, kuma jikokinsu na da wayar da za ta ɗauki muryarsu.